Yadda Gasar Firimiyar Ingila Ta Koma Talabijin na Biyan Kuɗi a 1992

A ranar 18 ga watan Mayu na 1992, wakilan ƙungiyoyi 22 da suka kafa gasar Firimiya suka taru a otal ɗin Royal Lancaster da ke birnin Landan domin su zaɓi tashar da za ta riƙa nuna wasanninsu kai tsaye na tsawon shekara biyar. Tayi biyu ne a gabansu. Tashar ITV, wadda duk gidan da ke da akwatin talabijin da eriya yake kamawa ba tare da biyan kuɗin wata ba, ta ce za ta ba da fam miliyan 262. Kamfanin BSkyB na Rupert Murdoch kuwa, mai tashoshin Sky, wanda sai mai farantin tauraron ɗan Adam ko wanda aka ja wa wayar kebul ne yake iya kallon tashoshinsa, ya zo da tayin da aka bayyana jimillarsa a kan fam miliyan 304, bisa tsarin cewa BBC za ta riƙa nuna taƙaitattun wasannin da daddare. Da aka kaɗa ƙuri'a, ƙungiyoyi 14 suka zaɓi BSkyB, shida suka ƙi, biyu kuma suka ƙaurace. Daga kakar wasan da ta biyo baya, duk mai son ya ga babbar gasar Ingila kai tsaye a ɗakinsa sai ya biya.

Wanda ya dubi yawan kuɗin kaɗai zai ɗauka cewa wanda ya fi tayi ne ya saya, aka tashi kasuwa. Abin da ya raba kan masu ƙuri'ar ya wuce ratar da ke tsakanin tayin biyu. Rigima ce da aka daɗe ana yi a kan wa zai ci nawa daga kuɗin talabijin, ta zo ta yi karo da wani kamfani da ke bakin durƙushewa yana neman hajar da mutane ba za su iya haƙura da ita ba.

Halin da ake ciki kafin zuwan Sky

Shekaru masu yawa ƙungiyoyin Ingila da kansu ne ba sa son kyamara ta shiga fili. Da kuɗin tikiti suke rayuwa, kuma suna ganin duk wanda wasa ya same shi a gida ba zai fito cikin sanyi ya tsaya a fili ba. Shi ya sa shirin Match of the Day da BBC ta fara a watan Agustan 1964 bai wuce nuna muhimman wurare bayan an tashi wasa ba, shi ya sa kuma tun shekarun 1960 aka kafa ƙa'idar hana nuna ƙwallo kai tsaye ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, ƙa'idar da ake dangantawa da shugaban Burnley na wancan zamani, Bob Lord. Sai a watan Oktoban 1983 aka fara nuna wasannin gasar kai tsaye a kai a kai, lokacin da ITV ta nuna karawar Tottenham da Nottingham Forest a ƙarƙashin yarjejeniyar fam miliyan 5.2 ta shekara biyu, wadda ta ba da izinin wasa goma kacal a kowace kaka.

Kuɗin ya yi kaɗan, dalilin kuwa a fili yake. Masu saye biyu ne, BBC da ITV, kuma maimakon su yi takara sai suka riƙa haɗa baki suna yin tayi tare. Da ƙungiyoyin suka nemi ƙari a 1985 tashoshin suka toge, aka cinye rabin kakar 1985/86 ba a ga wasan gasar a talabijin a Ingila ba, sai daga baya aka daidaita a kan fam miliyan 1.3 na sauran kakar. Tashoshin suna da abin da ya ba su ƙarfin gwiwar taurin kai, domin a watan Mayun 1985 ne gobarar filin Bradford ta ci rai 56, turmutsitsin filin Heysel da ke Brussels ya ci rai 39, aka kuma kori ƙungiyoyin Ingila daga wasannin Turai na tsawon shekara biyar. Filayen sun tsufa, faɗan 'yan kallo ya zama ruwan dare, masu zuwa kallo sai raguwa suke yi. Ƙaramin kuɗin da ake samu ɗin ma rabawa ake yi tsakanin ƙungiyoyi 92 na rukunai huɗu da ke ƙarƙashin hukumar Football League, abin da ya daɗe yana ci wa manyan ƙungiyoyi tuwo a ƙwarya, domin a ganinsu su ake kunna talabijin don a gani.

A 1988 aka fara ganin abin da mai saye na uku zai iya yi wa farashi. Wani sabon kamfanin tauraron ɗan Adam mai suna BSB, wanda bai ma fara watsa shiri ba, ya nuna sha'awa, nan da nan ITV ta rabu da BBC ta sa fam miliyan 44 na shekara huɗu. Greg Dyke, wanda ya jagoranci cinikin a ɓangaren ITV, ya bi ta hannun ƙungiyoyi biyar da ake kira manya a lokacin: Arsenal da Everton da Liverpool da Manchester United da Tottenham. Suka yi barazanar ɓallewa, aka lallashe su da ƙara kason rukuni na ɗaya zuwa kashi 75 cikin ɗari. A shekaru huɗun da suka biyo baya ITV ta fi karkata ga nuna waɗannan manyan, sauran ƙungiyoyin rukunin kuwa ba a cika ganinsu ba sai idan da ɗaya daga cikin manyan suke karawa. Sun riƙe abin a zuci.

Sai kuma bala'in filin wasa na Hillsborough na watan Afrilun 1989, inda magoya bayan Liverpool suka mutu a cunkoso, adadin da daga baya ya kai 97. Rahoton da alƙali Taylor ya fitar a watan Janairun 1990 ya sa aka wajabta wa ƙungiyoyin manyan rukunai biyu su mayar da filayensu na zama zalla zuwa watan Agustan 1994. Aiki ne na miliyoyin fam da yawancinsu ba su da shi. A ƙarshen 1990 Dyke ya gayyaci shugabannin manyan biyar cin abincin dare, inda aka amince a kafa sabuwar gasa mai sayar da haƙƙin talabijin da kanta ta kuma riƙe kuɗinta. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, wadda dama ba sa ga maciji da Football League, ta sa wa shirin albarka. Aka sa hannu a yarjejeniyar kafa gasar a watan Yulin 1991, ƙungiyoyin rukuni na ɗaya kuma suka fice daga tsohuwar hukumar a 1992.

Abin da tashar biyan kuɗi take saye

Sky ta fara aiki a watan Fabrairun 1989, BSB ta biyo baya a 1990, suka yi ta zubar da kuɗi a takara har suka haɗe a watan Nuwamban 1990 suka zama BSkyB. Ko bayan haɗewar, kamfanin yana asarar miliyoyin fam a kowane mako. Finafinai da labarai ba su isa su sa iyali su sayi faranti su maƙala a bango su kuma ɗaure wa kansu biyan kuɗi duk wata ba, musamman a ƙasar da kowa ke da tashoshi huɗu ba tare da ya biya komai ba bayan kuɗin lasisin talabijin na shekara-shekara.

A nan ne bambancin kasuwancin biyu yake, kuma shi ne ya sa ITV ba za ta iya ɗorewa a irin wannan gwanjo ba, ko da a ce ita ce ta ci na 1992. Tashar kyauta idanun masu kallo take sayar wa masu talla. Darajar wasa a wurinta ba ta wuce kuɗin tallan da za ta iya cusawa kafin a fara da lokacin hutun rabin lokaci da bayan an tashi ba, ƙwallon ƙafa kuwa wasa ne na minti 45 sau biyu da ba a katse shi don talla. Saboda haka akwai iyakar da ba za ta iya wucewa ba, komai yawan miliyoyin da suka zauna kallo. Tashar biyan kuɗi ba ta buƙatar miliyoyi masu yawa haka. Abin da take nema shi ne mutanen da ba za su iya rabuwa da abin ba, waɗanda za su biya a watan da ƙungiyarsu ke cin wasa su kuma biya a watan da ake lallasa ta. Mai son fim yana iya jira ya same shi ta wata hanya, amma wasan da aka riga aka san sakamakonsa ya rasa mafi yawan darajarsa, kuma mai goyon bayan Everton ba zai koma wata gasa don ta fi araha ba. Gida ɗaya da ya yi rajista saboda ƙwallo yana biyan kuɗin sauran tashoshin da aka haɗa masa a ƙunshi, ko yana kallonsu ko ba ya kallo. Murdoch da kansa ya shaida wa masu hannun jarin kamfaninsa a 1996 cewa wasanni ne makamin da zai riƙa fasa ƙofar kasuwannin talabijin na biyan kuɗi da shi. Ga ITV gasar Firimiya shiri ne mai kyau a cikin shirye-shirye. Ga BSkyB a kanta rayuwar kamfanin ta rataya, kuma mai irin wannan buƙata ba ya tsayawa dogon ciniki.

Ranar ƙuri'a

Manyan biyar sun shirya gasar ne da tunanin cewa ITV za ta samu kwantiragin, amma tsarin mulkin da aka rubuta wa gasar ya ba kowace ƙungiya ƙuri'a ɗaya, ya kuma ce sai da kashi biyu cikin uku ake zartar da shawara. Da wannan tanadi reshe ya juye da mujiya. Ƙananan ƙungiyoyin da ITV ta yi shekara huɗu tana kau da kai daga gare su su ne suka fi yawa a ɗakin, kuma Sky ta zo da wasa 60 a kaka, adadin da ya isa a zagayo kan kowa. Tun da an tsara cewa rabin kuɗin talabijin na cikin gida za a raba shi daidai wa daida, kashi 25 bisa matsayin da ƙungiya ta ƙare a teburi, kashi 25 kuma bisa yawan fitowarta a talabijin, yawan wasannin da za a nuna kuɗi ne kai tsaye a aljihun ƙanana.

Akwai kuma batun Alan Sugar, wanda ya karɓi ragamar Tottenham a 1991, bayan an riga an yi wancan cin abincin dare. Kamfaninsa na Amstrad shi ne ke ƙera mafi yawan farantan da masu kallon Sky ke saye. A safiyar taron, bayan ITV ta raba wa wakilai sabon tayinta a ambulan, an ji shi a waya yana gaya wa mutanen Sky su ɗaga nasu yadda ba za a kamo su ba. Ya bayyana wa taron cewa yana da moriya a cikin cinikin, aka kuma bar shi ya kaɗa ƙuri'a. Tottenham ce kaɗai a cikin manyan biyar ta zaɓi Sky. ITV ta garzaya kotu tana ƙorafin cewa an fallasa tayinta ga abokin hamayya ba a kuma ba ta damar sake tayi ba, amma ba ta yi nasara ba. A ganina ƙorafin nata yana da tushe ta fuskar adalcin gwanjo, sai dai tashar da ta yi shekaru tana haɗa baki da BBC don a danne farashi ba ta da masu tausaya mata da yawa a wannan ɗaki.

Adadin fam miliyan 304 da aka yi ta yayatawa ya haɗa da kuɗin BBC da hasashen wasu kuɗaɗen shiga. Abin da Sky ta biya na nuna wasanni kai tsaye ya kai kimanin fam miliyan 191 a shekara biyar, wato wajen fam dubu 640 a kan kowane wasa.

Abin da kuɗin ya saya

An fara gasar ranar 15 ga Agustan 1992. Washegari Sky ta nuna wasanta na farko, inda Nottingham Forest ta ci Liverpool ɗaya da nema ta ƙafar Teddy Sheringham, ranar Litinin kuma ta nuna Manchester City da Queens Park Rangers da daddare, al'adar da ta aro daga ƙwallon Amurka. Ta ƙara yawan kyamarori, ta ware sa'o'i na sharhi kafin wasa da bayansa, ta kuma bar agogo da sakamako a kusurwar allo tun daga farko har ƙarshe, abin da yau ba mai lura da shi saboda ya zama jiki. A watan Satumban wannan shekara tashar Sky Sports ta koma ta rajista a kan fam 5.99 a wata.

Daga nan farashi sai hawa. Kwantiragin 1997 zuwa 2001 ya kai fam miliyan 670, na 2004 zuwa 2007 fam biliyan 1.024, na 2013 zuwa 2016 fam biliyan 3.018, na 2016 zuwa 2019 kuwa fam biliyan 5.136, wato sama da fam miliyan 10 a kan kowane wasa. An gina sabbin filaye an gyara tsofaffi, tsoron da aka yi shekaru ana yi cewa talabijin zai kwashe 'yan kallo kuma bai tabbata a babbar gasar ba, domin matsakaicin masu shiga fili ya tashi daga kimanin 21,000 a kakar farko zuwa sama da 38,000. Mafi yawan kuɗin dai bai zauna a asusun ƙungiyoyi ba, ya wuce zuwa albashin 'yan wasa da kuɗin sayensu, musamman bayan hukuncin Bosman da kotun Tarayyar Turai ta yanke a watan Disamban 1995 da ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya kyauta ya kuma soke ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar Turai a ƙungiya. A makon farko na gasar 'yan wasa 13 ne kaɗai daga wajen Birtaniya da Ireland suka buga wasa. Ranar 26 ga Disamban 1999 Chelsea ta fito da mutum 11 da babu ɗan Birtaniya ko ɗaya a cikinsu.

Waɗanda suka biya

Ƙungiyoyi 70 da aka bari a Football League su ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu, domin rijiyar da ake sha tare an kewaye ta. Ratar da ke tsakanin Firimiya da rukunin da ke ƙasa da ita ta yi faɗin da faɗuwa daga gasar ta zama masifar kuɗi, har aka ƙirƙiro wani tallafi na 'yan shekaru ga ƙungiyar da ta faɗo, tallafin da shi kuma ya ba ta fifiko a kan waɗanda ta tarar a ƙasa. A 'yan shekarun nan ƙungiyar da ta ƙare ta ƙarshe a Firimiya tana karɓar sama da fam miliyan 100, shi ya sa masu ƙungiyoyin ƙasa suke cin bashi suna biyan albashin da ya fi kuɗin shigarsu da fatan haurawa. Da Football League ta gwada bin sahu ta sayar wa kamfanin talabijin na biyan kuɗi ITV Digital haƙƙinta a kan fam miliyan 315 na shekara uku, kamfanin ya durƙushe a 2002 da mafi yawan kuɗin a kansa, ƙungiyoyi da dama da suka riga suka kashe kuɗin da bai shigo ba suka shiga halin ni 'yasu. Darasin cinikin bai boyu ba: mutane sun yarda su biya don wasu ƙungiyoyi ƙalilan ne, ba don ƙwallo kowace iri ba.

Mai kallo a gida shi ma ya biya, kuma abin mamaki shi ne yunƙurin hukuma na kare shi ne ya ƙara masa nauyi. Dokar watsa shirye-shirye ta 1996 ta jera wasannin da dole a bar wa tashoshin kyauta damar nunawa, irin su Kofin Duniya da wasan ƙarshe na Kofin FA da wasannin Olamfik, amma gasar Firimiya ba ta ciki. A 1999 gwamnati ta hana BSkyB sayen Manchester United a kan fam miliyan 623, don kada mai saye ya zauna a kujerar mai sayarwa, wannan kuwa ya yi daidai. Sai Hukumar Tarayyar Turai ta matsa cewa kada a ƙara sayar wa kamfani ɗaya dukkan wasannin, aka kasa su kashi-kashi, tashar biyan kuɗi ta Setanta ta shigo a 2007 da fam miliyan 392. Garin neman gira aka rasa ido. Kowane wasa har yanzu tasha ɗaya ce ke nuna shi, don haka ba a samu tashoshi biyu suna rage wa juna farashi a kan haja ɗaya ba; abin da aka samu shi ne mai son ganin duk wasannin ƙungiyarsa sai ya yi rajista biyu, daga baya ma uku da Amazon ta shigo a 2019. Takarar ta tsaya a wurin gwanjo, inda ta amfani ƙungiyoyi. Setanta ta rushe a Birtaniya a 2009, tashar ESPN ta Amurka ta gaje ta, sannan tashar kamfanin sadarwa na BT ta shigo a 2013, wadda shigowarta ce ta cilla farashin sama a gwanjo biyu a jere. Duk da wannan kashe kuɗi, ƙa'idar yammacin Asabar tana nan, ta yadda mai kallo a wata ƙasa yana iya ganin wasannin da mazaunin Ingila ba zai gani a talabijin ɗinsa ba ko nawa ya biya.

Annobar korona ta ba da damar auna abin da aka rasa. Da aka dawo wasa ba 'yan kallo a fili, aka bar BBC ta nuna wasu wasanni kai tsaye a karon farko a tarihin gasar, ta fara da Bournemouth da Crystal Palace ranar 20 ga Yunin 2020, kuma karawar Southampton da Manchester City da ta nuna a watan Yuli ta tara masu kallo miliyan 5.7, adadin da babu wasan Firimiya da ya taɓa samu a Birtaniya kafin nan. A watan Oktoban wannan shekara aka gwada sayar da wasu wasanni ɗaya-ɗaya a kan fam 14.95, magoya baya suka ƙaurace, da yawansu suka ba da kuɗin sadaka ga cibiyoyin raba abinci, aka janye tsarin cikin 'yan makonni.

Kasuwar cikin gida ta nuna alamar ta kai maƙura. Kwantiragin 2025 zuwa 2029 da Sky da TNT Sports (sabon sunan tashar BT) da BBC suka ɗauka ya kai fam biliyan 6.7, adadi mafi girma a jimla, amma na shekara huɗu ne maimakon uku, kuma wasannin da za a nuna sun kai kusan 270 a kaka, wato kuɗin kowane wasa ya ragu sosai idan aka kwatanta da na 2016. Bunƙasar yanzu daga ƙasashen waje take zuwa, inda kuɗin haƙƙin nunawa ya zarce na gida tun zagayen 2022 zuwa 2025, kuma tun 2019 manyan ƙungiyoyi suka samu aka daina raba ƙarin wannan kuɗi daidai wa daida. Batun nawa Firimiya za ta riƙa miƙa wa rukunan ƙasa kuwa ya gagari ɓangarorin biyu sasantawa, har majalisar dokokin Birtaniya ta kafa hukuma mai zaman kanta ta sa ido kan ƙwallon ƙafa a 2025, ta kuma ba ta ikon shiga tsakani ta yanke rabon idan suka kasa daidaitawa.